Ƙanwar Kalanzi Mai Fito

Lutaaya mai gyaran keken ɗinki ne a unguwar Katwe, a ƙasar Buganda. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin masu walda da wata mata mai sayar da gawayi, kuma duk wanda ya shiga sai ya fito da ƙamshin man keke a rigarsa. Shekararsa arba'in da bakwai lokacin da wannan abu ya faru. Matarsa ta rasu tun yana da talatin da biyar, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Ba rantsuwa ya yi ba. Neman aure sai da magana, shi kuwa magana ba ta zauna masa a baki ba. Tela zai kawo keke ya yi ta zuba bayanin ciwonsa, Lutaaya ya juya hannun keken sau biyu, ya kara kunne, ya ce, "Alhamis." Ranar Alhamis kuwa keke ya tashi yana gudu sumul.

A hannun wani tsoho mai suna Kalanzi ya koyi sana'ar. Tsohon nan bakinsa ba ya hutawa: yana aiki yana waƙa, yana tsokanar masu wucewa, mata su zo da fushin keken da ya lalace su koma suna dariya. Da ya rasu ya bar wa Lutaaya shagon da akwatin kayan aiki. Hirar kuwa da ita aka binne shi.

A tsallaken titi akwai shagon kwamfuta na Mukiibi. Ranakun aiki ana buga takardu a ciki. Ranar Lahadi bayan cin abincin rana sai Mukiibi ya ja ƙofa, mutum takwas su zauna a kujeru takwas su shiga wani wasa na ƙasar koguna da tsibirai, wanda ake yi tare da mutanen wasu garuruwa ta intanet. Tsibiri kawai suke kiransa. Kafin ka shiga sai ka ƙera mutumin da za ka zama. Ka zaɓa masa fuska da tsayi da sana'a, a ba ka maki ashirin ka raba tsakanin ƙarfi da sauri da gwanintar hannu da harshe, a ƙarshe ka rubuta sunansa a wani ɗan akwati. Sunan nan ba ya canzuwa, kuma wanda ya mutu a wasan ya mutu ke nan, sai dai ka ƙera wani.

Mukiibi ya ɗora tasa dokar a kan ta wasan. Kowa mutum ɗaya zai riƙe. Kuma da zarar ka zauna a kujera, kai ne mutumin nan. Abin da ba zai yi ba, kai ma ba za ka yi ba, ko da riba na kallonka.

Gyaran fanka ne ya kai Lutaaya shagon, Mukiibi ya matsa masa ya zauna. Sauran 'yan wasa cikin minti biyar suke ƙera ƙaton jarumi mai faɗin ƙirji su rataya masa takobi. Lutaaya Lahadi biyu ya ɗauka. Ya fito da gajeren tsoho mai sanƙo, mai wushirya da manyan kunnuwa. Ya zuba masa makin kusan duka a harshe, sauran a tuƙin kwalekwale, ya ba shi sana'ar fito. A akwatin suna ya rubuta Kalanzi.

Ojok ɗan acaɓa, mutumin Gulu, wanda shi ba ɗan Buganda ba ne, ya leƙo daga kujerarsa ya ce, "Tsoho, duniya guda aka ba ka kyauta, ka zama sarki ko matsafi, ka ce kai fito za ka yi? A gida lebura, a mafarki ma lebura?"

Lutaaya bai tanka ba. Amma a allon kowa sai ga magana ta fito daga bakin mai fiton: "Jarumi, takobinka ya iya iyo? In bai iya ba, gaishe ni da ladabi."

Shagon ya kwashe da dariya. Tun daga ranar aka gane cewa maganar da ta ƙi fita ta bakin Lutaaya ta sami hanya ta yatsunsa biyu. Kalanzi yana zolayar attajirai, yana ƙirƙira wa kowane dutsen kogi suna da tarihi, yana sasanta mayaƙan da suka shiga jirginsa da gaba. Har 'yan wasan Nairobi da Lusaka sukan ƙi bin gada don su ji bakin tsohon.

Wasan bai san dangi ba, amma mutanen shagon sun sani. A Buganda da jin sunan mutum ka san danginsa, kuma 'yan dangi ɗaya ba sa auren juna. Lutaaya ɗan dangin Karen Ruwa ne, Kalanzi kuwa sunan 'yan dangin Fara ne. Saboda haka a watan Nuwamba, lokacin da fara ke sauka, mai talla ta shigo da farantin soyayyiya, Lutaaya da ke cin ta har ya lashe yatsa ranar Litinin ba ya taɓa ko ƙafa ɗaya muddin yana kan kujerar nan. Ɗan Fara ba ya cin fara. Ojok ne ke cinye rabonsa, yana yi masa addu'ar kada ya taɓa warkewa daga wannan hauka.

Shekara shida ana haka kafin Nanteza ta shigo.

Nanteza tela ce a Kibuye, gomesi, doguwar rigar bikin mata, take ɗinka wa amare da ƙawayensu. 'Yar dangin Giwa ce, aurenta ya mutu da daɗewa, 'yarta ɗaya tana karatun jinya a Mbarara. Wata Lahadi kekenta ya tsaya ana saura kwana uku biki, ta naɗo kansa a zane ta hau acaɓa zuwa wurin Lutaaya mai yi mata gyara, ta ga shagonsa a rufe, aka nuna mata shagon Mukiibi. Ta tarar da Lutaaya a tsakiyar kogi da fasinja shida.

"Ssebo, keke na kawo," ta ce, da kiran girmamawar da ake yi wa namiji.

Ya ɗaga mata yatsa ɗaya, alamar ta jira. Kalanzi bai taɓa barin fasinja a tsakiyar ruwa ba. Ta tsaya a bayansa tana cika tana batsewa, tana karanta abin da ke fita a allo. Can sai aka ji ta yi dariya.

"Kai ne kake rubuta wannan? Kai ɗin da shekara goma ban ji ka haɗa kalma biyar ba?"

Lahadin da ta biyo ta dawo ba keke. Akwai kujerar da mai ita ya koma Jinja, ta zauna. Ta ƙera doguwar mace mai gajeren gashi da kwari da baka, ta zuba makinta a sauri da ido. Da ta iso akwatin suna sai ta tsaya. Mukiibi ya gargaɗe ta cewa samarin wasu garuruwa ba sa barin mace ta sha iska a wasan, kowa sai ya biyo ta da zancen banza.

A nan Lutaaya ya buɗe baki ya yi doguwar magana, irin wadda ba a saba ji daga gare shi ba. Ya ce, da kiran girmamawar da ake yi wa mace, "Rubuta Nakalanzi, nnyabo. Sai ta zama ƙanwata. Ba wanda zai taɓa ta."

Kowa ya yaba da dabarar. Nakalanzi sunan 'ya mace ne a dangin Fara, kuma duk Tsibiri ba mai son ɓata wa mai fito rai. Nanteza ta dube shi ɗan lokaci, ta rubuta, ta danna.

Shekara uku suka yi a jirgi ɗaya, shi a baya da filafili, ita a gaba da baka. Tare suka gina tarihinsu: uwar da ta rene su da sayar da busasshen kifi, ƙauyen da ambaliya ta cinye, akuyar da har yau suna musun wanda ya bar ta ta ɓace. Yaya take kiransa a wasan. Sannu a hankali sunan ya tsallako waje. A kasuwa sai ta kwaɗa masa kira, "Yaya!" Takan aiko masa da dafaffiyar ayaba da miyar gyaɗa a naɗe cikin ganye. Mutanen Katwe, waɗanda ba su san Tsibiri ba, suka ɗauka wata zumunta ce ta nesa. Masu walda idan sun gan ta tafe sukan ce masa, "Ga ƙanwarka nan."

Lutaaya bai san ranar da abin ya shige shi ba. Ya dai lura yana share shago a ranakun da za ta zo. Ya lura gyaran da zai gama mata cikin awa ɗaya yakan ce ta dawo jibi, don ya gan ta sau biyu. A ɓoye ya bincika: shi Karen Ruwa, ita Giwa, dangin iyayensu mata ma daban-daban. Babu abin da ya hana. Abin da ya tsaya a tsakani sunan da shi da kansa ya ba ta ne.

Wata Laraba da hantsi ta kawo keke ta ajiye a teburinsa, ta zauna a benci.

"Yaya, Kiggundu mai yadi na Kiyembe ya ce ƙarshen wata yana so ya je gaida gwaggona."

Lutaaya ya san ma'anar wannan. Mai neman aure wurin gwaggon mace yake fara zuwa, kuma in ta karɓe shi magana ta kama hanya.

Ta ci gaba tana kallon titi. "Ka san ba ni da ɗan'uwa namiji a raye. Zakaran da ango ke kawo wa yayan amarya ranar gabatarwa, kai za a miƙa wa. Sai ka fara wanke tukunya."

Ya juya hannun keken. Ya sake juyawa. Allura tana hawa tana sauka lafiya lau.

"Ba abin da ya sami keken nan," in ji shi.

"Na sani." Ta naɗe kayanta ta fita.

Da azahar ya rufe shago ya tsallaka titi. Mukiibi yana buga takardun wata makaranta, Ojok yana zaune yana cajin waya, fuska a murtuke, don jaruminsa na huɗu ya mutu makon jiya a faɗan da ba wanda ya aike shi. Lutaaya ya faɗi abin da ke tafe da shi a gutsure, su suka haɗa sauran da kansu.

Ojok ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Kai, Baganda! Wasa ne fa, tsoho! Haruffa ne a cikin akwati! Uwar taku mai busasshen kifi ma a gabana kuka ƙirƙire ta!"

"Rufe mana baki, kai ba za ka gane ba," in ji Mukiibi. Ya juyo. "Amma yana da gaskiya ta wani gefen, ssebo. Je ka same ta ka faɗa mata da bakinka."

"Ba ni da baki. Kalanzi ne mai baki."

"To Kalanzin ya faɗa mana," in ji Ojok.

Mukiibi ya yamutsa fuska. Shi ma da ya maimaita maganar a ransa sai ya sosa ƙeya. Ko a wasa, ɗan Fara ba zai dubi 'yar Fara ya ce yana son ta da aure ba. Duk wanda ke shagon zai kau da kai don ƙyama, ita kuma ba za ta sake shiga jirgin ba.

"To kashe shi," Ojok ya ce. "Kifar da jirgin a tsakiyar kogi, a yi kuka a gama, ka dawo da sabon mutum."

"Kalanzi bai taɓa kifar da jirgi ba." Lutaaya ne ya faɗa, sannan ya ƙara, "Kuma sai ta rasa yayanta."

Ya daɗe yana kallon kujerarsa ta bakin taga. Shekara tara yana zama a kanta, har ta ɗauki siffar bayansa. Sai ya ciro fensir daga bayan kunne, ya yagi takarda, ya rubuta kalmar sirrin Kalanzi. A ƙasa ya ƙara wasu layuka: ba ya cin fara, ba ya barin fasinja a ruwa, attajiri yake fara tsokana kafin talaka, kuma maganar akuya, ita ce ta bar ƙofa a buɗe, kada ka yarda. Ya miƙa wa Ojok.

"Ni? Wannan mai kunnuwan?" Ojok ya karanta takardar, dariyar ta bar fuskarsa. "Tsoho, ka tabbata? In na karɓa fa dokar Mukiibi ba ta mayarwa."

"Ka riƙe shi da kyau."

Daga nan ya koma kujerar ƙarshe, mai karyayyen hannu, ya buɗe shafin ƙera mutum. Wannan ya fi na farko wuya. Ya zaɓi furfura, ya zaɓi kafaɗar da ta ranƙwafa, ya nemi yatsu masu kauri. Makin ya zuba su a gwanintar hannu. Harshe ya ba shi ɗaya, shi ma don wasan ya ƙi karɓar sifili ne.

"Haba, ƙara masa ko biyu mana," in ji Mukiibi. "Aure zai nema fa."

"Ƙarya zai zama."

A akwatin ya rubuta Lutaaya.

Sabon mutum a Tsibiri da tsumma da sanda yake farawa, a wani ƙauye na bakin ruwa. Yinin Asabar Lutaaya ya ƙare shi yana bin zakaran ƙauyen, mutuminsa marar sauri yana faɗuwa a kwata yana tashi, har Allah ya ba shi sa'a ya danƙe ɗaya.

Ranar Lahadi Nanteza ta shigo ta ga Ojok a kujerar taga, Lutaaya kuma can a ƙarshe. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta zauna ta shiga jirgi ta ɗauki bakanta. Sai ga wani mai furfura ya gangaro bakin kogi da zakara a hammata.

Ojok ya gyara zama, ya sa yatsu a madannai. Kalanzi ya ce, "Kai kuma wane ne, da zakara a hammata kamar wanda 'yan ƙauye suka biyo? In sata ce ka zauna a baya, kada jirgina ya yi suna."

Aka yi dariya. Lutaaya ya ji abin ya soke shi a ƙirji, don kusan haka shi ma zai faɗa. Tsohon ya tashi ya yi magana ba da shi ba.

Ya sa yatsunsa biyu. Da can kalmomi rige-rige suke yi, yau kowace sai ya jawo ta. "Sunana Lutaaya. Ɗan Karen Ruwa ne ni. Na kawo wa yayanta zakara. Na zo..."

Ya tsaya. Ɗan layin da ke jiran harafi yana ta ƙiftawa.

Nanteza ta ɗauke hannuwanta daga madannai, ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Ssebo," ta ce, ba Yaya ba, "kujera huɗu ce tsakanina da kai. Me ya kai ka zagayowa ta kogi? Ni Nanteza ina nan zaune. Faɗa da baki."

Ya miƙe tsaye. Hannun kujerar ya faɗi ƙasa, ba wanda ya kula.

"Kada Kiggundu ya je wurin gwaggonki."

"Saboda me?"

"Ni zan je."

"Shi ke nan maganar?"

"Shi ke nan."

Ta ƙare masa kallo tun daga furfura har takalmi, kamar mai auna yadi. "Shekara uku," in ji ta. "Har na fara tunanin da gaske tukunyar za ka wanke." Ta juya ga allonta. "Gwaggona tana Mukono, bayan coci, gida mai mangwaro biyu. Kiggundu ni zan ji da shi. Amma ka sani kunnenta ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya."

"Wayyo, mun shiga uku," in ji Ojok. "Ku shigo jirgi ni dai, suruki, kafin zakaran nan ya yi mini kashi."

Aka ci gaba da wasa. Karo na farko Lutaaya ya zauna a jirgin nan a matsayin fasinja. A kwanar kogi akwai wani dutse da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, wanda shekara tara yana kauce masa ba tare da ya duba ba. Ojok ya nufe shi kai tsaye, jirgi ya yi ƙara ya girgiza. Yatsun Lutaaya suka motsa a kan tebur, ya maido su cinyarsa. Jirgin ba nasa ba ne yanzu.

Ranar Asabar ya sa farar kanzu, doguwar rigar maza, da kwat, Mukiibi ya raka shi Mukono don ya yi magana a madadinsa kamar yadda aka saba. Suka tarar da gwaggon a tabarma ƙarƙashin mangwaro, 'yar tsohuwa ƙarama mai kaifin ido. Nanteza tana durƙushe a gefenta. Bayan doguwar gaisuwa Mukiibi ya gyara murya ya fara jera kalmomi masu daɗi.

Tsohuwar ta ɗaga hannu. "Tsaya, ɗana. Wane ne mai son a cikinku?"

Mukiibi ya nuna Lutaaya.

"To kai me ya dame ka? Bar shi ya faɗa."

Lutaaya ya dubi tsohuwar. "Nnyabo, ina son Nanteza da aure."

"Me ya ce?"

Ya maimaita da ɗan ƙarfi.

"Wai ayaba yake so?" Ta dubi Nanteza, wadda ta sunkuyar da kai kafaɗunta suna rawa.

Lutaaya ya cika ƙirjinsa da iska ya faɗa a karo na uku, har kajin gidan suka watse, maƙwabciya ta leƙo ta kan shinge da muciya a hannu.

"To, yanzu na ji," in ji gwaggo. "Ba sai ka yi mini ihu ba. Ke, tashi ki kawo wa baƙi abinci."